Ni Na Haife Ta

Birnin Gwari, farkon damina

Zuwa ga 'Yar Zariya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Goggonki da duk mutanen gidan. Mu nan da sauƙi. Babanku jinin nan nasa ya sake hawa, likita ya hana shi gishiri, shi kuma ya ce miyar da ba gishiri horo ce, sai nake ƙara masa daddawa. Ƙaninki Naziru lafiya lau, yana zuwa koyarwarsa. Matarsa ta yi nauyi, ƙafafunta sun kumbura. Ƙaramin ƙaninki Abdulfattah zazzaɓi ya kayar da shi, amma ya tashi. Akuyar nan mai baƙin kunne ta haifi biyu, ɗaya bai zo da rai ba. Ni kuwa ba abin da ke damuna sai rashin barci, kuma ke ce dalili.

Kar ki yi dariyar rubutuna. Sai da furfura ta fito na shiga ajin yaƙi da jahilci. Malama Selina, mai koyar da mu, ta ce in riƙa rubutu kamar ina magana da mutum. To ni yaushe na taɓa doguwar magana da ke? Ke ce ta fari, shi ya sa ma Yaya kike ce mini. Ana yaye ki Goggonki ta ɗauke ki, kuma kin san ko sabis ɗin waya yana nan ba na wuce "kuna lafiya, to madalla". Takarda ba ta kallon mutum, shi ya sa na zaɓe ta. Sunanki da ke bayan ambulan ma Malama Selina ce ta rubuta mini.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Zuwan da kika yi kwanan baya, kin ce mana kina binciken digirinki na biyu a kan matan Kazage masu daddawa, waɗanda mutanen daji suka kora suka dawo cikin gari. Kika fita da jakarki, kika dawo, kika koma Zariya. Ban tambaye ki komai ba.

Jiya na kai niƙa inji, na tarar da su a layi. Inna Karima, babbarsu, wadda nake sayen daddawa a wurinta, ita ke ba da labari.

Ta ce, "Wata yarinya ce fa, fes da ita, da wani ɗan abu mai jan ido a hannu. Na ce 'yar wa ce ke? Ta ce daga jami'a take. Na ce ikon Allah, jami'a ma tana haihuwa?"

Mata suka yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Ta ce, "Tambaya kamar a gaban alƙali. Ina kuke samo kalwa yanzu, wace hanya ake bi, wace rana ake zuwa, su nawa ke tafiya. Ba a jima ba ɗana Hammadu ya lallaɓa Kazage ɗebo kalwar da muka bari a rumbu, aka tare shi a kan hanyar nan da na faɗa mata. Suka karɓe babur, suka karya masa hannu. Ku faɗa mini, in ba infoma ba wa ke irin wannan tambayar?"

Wata ta ce ai yanzu mata suke turowa, masu kama da 'yan makaranta. Wata ta ce in ta sake ganinki da kanta za ta kira 'yan sa-kai.

'Yar Zariya, kin san abin da kalmar nan take jawo wa mutum a garin nan. Ba a tsayawa bincike. Na buɗe baki zan yi magana, kunya ta rufe shi. Ta yaya zan tsaya cikin mata in ce ta farina ce? Uwata ba ta taɓa kallon yayana a gaban mutane ba har ta koma ga Allah. Na tashi na fito, niƙan ma sai mai inji ne ya aiko mini da shi.

Babanku bai sani ba, kuma ba zan faɗa masa ba saboda jininsa. Roƙona ɗaya ne. Ki je wurin malamanki su canza miki aiki. Zariya ba a yin daddawa ne? Ki yi digirinki a kan tasu. Kar ki sake tako garin nan da jakar nan.

Bakoji direba zai kawo miki wannan. Ki ba shi amsa ya juyo da ita.

Ni ce,
Hajjo matar Malam Abarshi

*

Zariya

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Na ga saƙonki, na yi murna da jin lafiyarku. Allah Ya ƙara wa Baba sauƙi, Ya sauki matar Naziru lafiya. Goggo tana gaishe ki, ƙafarta ce kawai ke damunta in an yi ruwa. Rubutunki kuwa ya fi na wasu 'yan ajinmu karantuwa, ba zolaya nake yi ba.

Na karanta wasiƙar a tasha, a tsaye, sai da na nemi benci na zauna. Hannun Hammadu ya tsaya mini a rai. Wallahi Yaya ban ba kowa abin da na ɗauka ba, sai malamar da ke duba aikina, Dakta Anita. Amma na gane abin da Inna Karima ta gani. Da ni ce a wurinta, abin da zan zata ke nan.

Tun kafin wasiƙarki ta zo aikin ya riga ya faɗi. Na kai wa Dakta Anita hirar da na ɗauka a rikoda, ina ta jin daɗi. Ta saurara kaɗan ta kashe.

Ta ce, "Muryar wa nake ji tun ɗazu?"

Na ce, "Tawa ce."

Ta ce, "To ni ba ke na aika a jiyo mini ba. Matan ba abin da suka ce sai e da a'a da Allah Ya kyauta. Wa ya kai ki gidan?"

Na ce, "Ɗan acaba."

Ta yi dariya har sai da ta cire tabarau. Da na kai mata wasiƙarki kuwa, na karanta mata wurin inji, dariyar ta ɗauke. A gabanta ta sa na goge duk inda aka ambaci hanya ko rana. Ta ce duk tambayar da amsarta za ta cuci mutum in ta faɗa mugun hannu, ba a yin ta, ko da ita ce za ta ba ni digirin.

Bari in yi miki bayanin karatun nan, don ban taɓa yi ba. Mu ba ƙidayar mutane muke yi ba. Muna so mu fahimci yadda mutane ke rayuwa ne, yadda su suke ganinta, da bakinsu. An koya mana a aji cewa ba a faɗa wa mutane haka kawai. Wanda suka yarda da shi ne zai shigar da kai. Sai ka zauna da su ka daɗe, ka sa hannu a aikinsu, ka yi shiru fiye da yadda kake magana. Ba a rubutu a gabansu, sai ka koma masauki ka rubuta abin da ka gani. Ba a kunna rikoda sai sun yarda, kuma a littafin ana sake musu suna. Duk na haddace wannan, na ci jarrabawarsa. Da na isa ƙofar gidan sai na ji tsoron kar a raina ni, na fito da takardar makaranta, na shiga karanto tambayoyi. Da Inna Karima ta ce 'yar wa ce ni, na ga kamar jami'a ta fi nauyi a baki. Kuma ban san ko kina so a san ni da ke ba.

Ba zan canza aikin ba, Yaya, ki yi haƙuri. In na ɓace yanzu, na tabbatar musu da zarginsu, kuma ranar da aka gane daga gidanku na fito, ku zai shafa. Zan dawo a motar Bakoji ranar kasuwa ta sama. Wannan karon zan zauna da su, in yi abin da suke yi, in je duk inda suke zuwa.

Ban ce ki raka ni ba. Na san abin da ke tsakaninmu, ba zan ɗora miki abin da ya fi ƙarfinki ba. Zan roƙi Malama Selina ta gabatar da ni.

Taki,
Zakiyya

*

Birnin Gwari

'Yar Zariya,

Kowa lafiya. Kar ki zo. Na karanta inda kika ce za ki je duk inda suke zuwa, na sake karantawa, na kai wa Malama Selina ta karanta mini ko idona ne. Ina matan Kazage ke zuwa in ba gindin ɗorawa ba? Ina ɗorawar take in ba cikin daji ba? Wannan malamar taki tana da 'ya'ya kuwa? Namiji mai babur an karya shi, ke da ko gudu ba ki iya ba za ki shiga? In kina jin maganata kar ki zo.

Na ci gaba daga nan, da wani biron, don wancan ya ƙare.

Abin da na rubuta a sama bai tafi ba. An rufe hanyar Kaduna, motoci suka kwana a tasha, aka wayi gari aka sake kwana. Bakoji ya dawo mini da wasiƙar da kansa. Ya tsaya a zaure yana murza hula, ya ce, "Hajjo, 'yan sa-kai sun zo tasha suna tambayar wace mota ce ta kawo yarinya mai jaka. Na ce ni fasinja nake ɗauka, ba na duba jaka. Amma sun ce duk ranar da ta sauka a sanar da su."

Na lissafa. Hanya tana buɗewa motar farko ke ce a ciki, wasiƙata kuwa tana hannuna. Na rasa inda zan sa kaina, na nufi gidan Malama Selina. Na ce ta je ta faɗa musu ke ta gidanmu ce.

Ta ce, "Maman Naziru, zan je, ba na ƙi ba. Amma abu na farko da Karima za ta ce shi ne, uwar tana zaune a inji ranar nan, me ya hana ta magana? Sai zargin ya ƙaru. Wannan maganar daga bakinki za ta fito."

Na ce, "Malama, ke ba ki san kunyar ɗan fari ba."

Ta ce, "Na sani mana, a cikinku na tsufa. Amma kin ce ba za ki iya riƙe biro ba, ga shi har kina yi wa 'yar jami'a faɗa da shi."

Da safe na ɗaura tsohon zane na tafi kangon nan na bayan firamare inda suke zaune. Na tarar sun sauke kalwa daga wuta, suna surfe. Na ce sannunku da aiki, na karɓi taɓarya a hannun wata mai goyo. Na yi ta surfe ina neman bakin zaren. Inna Karima tana kan kujera 'yar tsugunne tana tsince, Hammadu yana gefe da hannu a ɗaure.

Can na ce, "Inna, roƙo na zo yi. Yarinyar nan mai jaka za ta dawo. Don Allah kar ku kai ta daji."

Taɓare suka tsaya. Ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "Ke kuma mene ne naki a ciki, Hajjo?"

Na ce, "Ta gidanmu ce."

Ta ce, "'Yar ƙanwarki ce? Ko ta dangin Malam?"

Kin ga ta buɗe mini ƙofa, da na ce e an wuce wurin. Amma 'yar dangin miji ai kowa na iya zarginta. Na dubi turmi na ce, "Ni na haife ta. Ita ce ta fari."

Wata ta ce la'ilaha. Mercy, wadda suka gudo tare daga Kazage, ta ce ita ba ta yarda ba, ba ta taɓa jin Hajjo tana da babbar 'ya ba. Inna Karima ta ce, "To faɗi sunanta mu ji."

Ban san yadda zan kwatanta miki ba. Tun ranar da aka raɗa miki shi bai taɓa bi ta bakina ba. Gumi ya karyo mini, na ja mayafi na rufe fuska. Na fara na kasa. Na sake farawa. Sai na tuna motar Bakoji tana tsayawa a tasha da masu jiranta. Na faɗa. Da ƙarfi ma ya fito, har awaki suka firgita. Kin san sunanki, ba sai na rubuta ba.

Inna Karima ta ce, "Ku ƙyale ta haka. Wadda ba ta haifa ba ba za ta yi wannan gumin ba. Mercy, ba ta ruwa kar ta faɗi a turmina."

Aka fashe da dariya, ni ina kuka a cikin mayafi. Na gaya musu kin goge maganar hanya, kuma hannun Hammadu ya hana ki sukuni. Sai shi Hammadun ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, ni fa tun kafin in tafi na faɗi ranar tafiyata a teburin mai shayi, tasha guda ta ji." Uwar ta jefe shi da murfin kwano, ta ce sai yau ya ga damar tunawa. Ta tura shi a take ya je ya gaya wa 'yan sa-kai cewa yarinyar 'yar Malam Abarshi ce, baƙuwarta ce, wanda ya taɓa ta ita ya taɓa.

Na ce to maganar daji fa? Ta ce, "Wane daji? Rabonmu da gindin ɗorawa tun da muka fito da kayan jikinmu. Inda muke zuwa rijiya ce da inji da kasuwa. In nan take son bin mu, bismilla."

Ashe rashin barcin nan na banza na yi.

Ga sharaɗinta. Ki zo da tsohon zane. Ki bar abin nan mai jan ido a gida. Kuma ta ce a gaya miki warin daddawa ba ya jin sabulu, kar ki ce ba a faɗa miki ba.

An ce gobe za a buɗe hanya. In wannan ta riske ki kafin ki taso, ki manta da farkonta. Ki zo.

Hajjo

*

Zariya, bayan kaka

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Na iso lafiya. Ina fatan Baba yana shan maganinsa, jaririn Naziru kuma cibiya ta warke. Goggo ta sa na wanke kayana har sau ban san adadi ba, ta ce har yanzu in na wuce sai ta ji kamar a ɗora miya.

Damina guda muka yi a gida ɗaya, kina ajiye mini tuwo a bakin ƙofa kina wucewa, ba ki taɓa tambayata yadda aikin ke tafiya ba. Ni ma ban iya faɗa miki ba. To ga shi a takarda.

Da farko ba wadda ta gaya mini komai. Suka sa mini suna Jami'a. "Jami'a, kawo ruwa." "Jami'a, wannan wankin kalwar ne ko alwala?" Ni ke iza wuta, ni ke wanke kalwa bayan surfe har tafin hannuna ya saɓule. Tambayoyi suna cina, ina haɗiye su. In na dawo da yamma in rubuta abin da na gani, wa ke zama kusa da wa, wa ake saurara wa, me ake yi wa dariya. Sau da yawa na ga kamar ɓata lokaci nake yi.

Wata ranar kasuwa Mercy ta dawo da daddawar da ta sayo a hannun wani mai kayan miya, ta miƙa wa Inna Karima. Inna ta juya ta, ta shafa da yatsa, sai kawai ta zauna a ƙasa. Matan suka kewaye ta. Ni ta dā da tuni na ce mene ne, me ya faru, me kike ji. Na matsa kusa na yi shiru.

Da kanta ta juyo ta ce, "Jami'a, zo ki gani. Wannan hannun ƙanwata ne."

Ashe in an daka daddawa an fyaɗa ta, kafin a shanya kowane gida yana da irin tambarin da yake dannawa da yatsa. 'Ya tana gadonsa daga uwarta. Na yi ta ganin suna yi, na zaci ado ne. Tun da aka tarwatsa su, duk wadda ta shiga kasuwa sai ta bi masu kayan miya tana juya daddawa, ba don ta saya ba. Da haka suke sanin wadda ke raye. Inna ta rabu da ƙanwarta ranar gudu, ba ta sake jin ɗuriyarta ba, har ta fara sa ta cikin addu'ar mamata. Suka bi mai kayan miya, ya faɗi wanda ya sayar masa, wancan ya faɗi garin, aka same ta da ranta. Kin san sauran, tunda ke kika dafa shinkafar murna.

Yaya, na zo da niyyar rubuta yadda rashin tsaro ya karya musu sana'a. Ko shekara zan yi ina karanto tambayoyina ba zan taɓa tambayar wannan ba, don ban san akwai shi ba.

Bayan ranar nan Inna ta ce, "Gobe ki zo da abin nan naki mai jan ido. Akwai maganar da nake so ta zauna." Na bi su ɗaya bayan ɗaya na nemi izini, na ce duk wadda ta ce a kashe za a kashe. Wata ta ƙi, kuma har na taho muna wasa da dariya. Sauran suka yi ta magana, a kan itatuwan ɗorawar da suka bari, kowace da sunanta, a kan kunyar da suke ji in sun haɗa da waken soya don kalwa ta yi wuya. Ni dai "sai me ya faru?" kawai nake cewa.

Jiya na gabatar da aikin a gaban malaman sashenmu. Dakta Anita ta saurari hirar tun kafin nan, ta ce, "Yanzu kam su nake ji." Da na gama aka tafa. Sun amince da shi, har an ce in zo in yi wa sababbin ɗalibai bayanin yadda ake shiga cikin mutane, in fara da kuskurena. Wani farfesa ya ce, "Wuri mai wuya irin wannan, wa ya buɗe miki ƙofa?"

Na ce, "Mahaifiyata."

Saura abu ɗaya. Ba a miƙa irin wannan aikin sai masu shi sun ji abin da aka rubuta a kansu, sun gyara. Na juya muhimman wuraren zuwa Hausa, ga su cikin ambulan. Jarrabawa ta riƙe ni a nan. Ki ba Malama Selina ta karanta musu, duk abin da suka ce a cire zan cire.

'Yarki,
Zakiyya

*

Birnin Gwari

Assalamu alaikum. Kowa lafiya. Babanku jini ya sauka, na ba shi labarin duka, ya ce ashe da jaruma yake zaune bai sani ba. Jariri yana ta ƙiba. Abdulfattah ya faɗo daga keke ya kuje gwiwa. Hannun Hammadu ya ɗinke, bakin ne dai har yanzu bai rufu ba.

Ban ba Malama Selina takardun ba. Ni na karanta musu. Ta zauna kusa da ni ko zan kakare, sau ɗaya kawai ta sa baki. Muka shimfiɗa tabarmi a kangon, har matan maƙwabta suka leƙo. Ina karantawa a hankali da yatsa a kan layi, suna cewa "haka ne", "wallahi haka na ce". Da na zo wurin itatuwan ɗorawa sai da na dakata aka share hawaye.

Ga gyaransu. Kar ki kwatanta tambarin kowa dalla-dalla, ki ce dai akwai shi. Ki cire sunan garin da aka samu ƙanwar Inna. Mercy ta ce kin rubuta ita ce ta fara haɗawa da waken soya, ta ce ƙarya ne, ita ce dai ta fara faɗa. Inna Karima kuwa ta yarda a sake mata suna, amma ba ta son wanda kika ba ta, ta ce na tsofaffi ne. Ta ce ki sa Amarya. Ban da waɗannan, sun ce ki kai wa malamanki, maganarsu ce.

Da na gama Inna ta ce, "Hajjo, wa ya rubuta wannan?" Ta san amsar, tsokanata take yi. Na faɗa mata sunanki. Wannan karon ban nemi mayafi ba.

A cikin ƙullin da Bakoji zai ba ki akwai daddawa. Ki juya ta. Gidanmu ba mu da tambari, tunda ba sana'armu ba ce, sai Inna ta ce wadda ta wanke kalwa damina guda ta ci a yi mata nata. Ta ce uwa ce ke fara dannawa. Wannan yatsana ne.

Ƙanwar Inna za ta zo ganin gida ranar Juma'ar da ke gaban Mauludi, za su yi ɗan taro. Sun ce ba za a buɗe tukunya ba sai Jami'a tana wurin. Ki aiko da amsa kafin Larabar makon, in san ko in gyara miki ɗaki. Ni zan raka ki, ta cikin kasuwa za mu bi.

Kafin ki yar da ambulan ɗin, ki duba bayansa. Ba hannun Malama Selina ba ne. Harafin farko na sunanki ya ɗan karkace, amma nawa ne.

Mahaifiyarki,
Hajjo